Gwaggo Bula da Kujerar Leda

Gwaggo Bula tana da zagi, kuma ba ta taɓa ɓoye shi ba. Ba ta zagin mutum a bayan idonsa. Sai ta bari ya zo gabanta, ta dube shi daga kai har ƙafa, sannan ta ba shi rabonsa. Mai gidan hayarta ya sha, mai sayar mata da gawayi ya sha, 'ya'yanta mata biyu sun sha har suka yi aure suka tsira. Ko ranar da aka yi mata baftisma, tana da shekara arba'in da ɗoriya, da mai hidimar ya ɗan daɗe da riƙe kanta cikin ruwa, tana ɗagowa ta ce masa, "Kai wane irin sakarai ne? Kashe ni aka ce ka yi?" An yi ta yi mata wa'azi a kan harshe shekara da shekaru. Takan saurara, ta ce gaskiya ne, ta fita ta zagi na farkon da ya taɓa mata shanya da hannu mai maiƙo.

Wanki da guga ne sana'arta. Sunan ma daga can ya fito, domin bular da take sa wa fararen kaya ta kama mata yatsu da ƙarƙashin farce har ta zama kamar da ita aka haife ta. Mijinta birkila ne, ya faɗo daga saman gini ya rasu, ya bar ta da yara biyu da baho uku. Da bahon nan uku ta ciyar, ta tufatar, ta kai makaranta. Gari na wayewa tana gindin famfo. Ta ware farare daga masu zuba, ta jiƙa, ta goga sabulu a wuya da hammata, ta cuɗa, ta ɗauraye sau uku, ta sa sitaci ga mai so. Da rana ta hura gawayi a dutsen guga, ta tsaya a kan tebur har ƙafafunta su kumbura.

Mai wanki ta fi likita sanin cikin gida. Shi likita sai an gaya masa, ita kuwa kaya ne ke gaya mata. Ta san matar da ta yi ɓari ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san mijin da turaren jikin rigarsa ba na matarsa ba ne. Ta san wanda ke tari da jini yana goge shi da hannun riga. Duk ƙazantar bakin Gwaggo Bula, ba a taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan a wurinta ba. Abin da ta gani a baho, tare da ruwan wankin yake bin kwata.

Da ta haura sittin, gwiwoyinta suka daina kai ta tsohuwar majami'arta da ke wancan ƙarshen gari. A lokacin ne aka buɗe wata sabuwa a unguwarsu, cikin wani tsohon siton siminti wanda har yau in aka buga ganga sai ƙura ta zubo daga rufi ta yi wa mutane furfura. Unguwar kanta sabuwa ce, kowa baƙo ne, kowa daga wata ikkilisiya ya taso da irin nasa sabo. Ba su fi mutum arba'in ba. Wani kafinta a cikinsu ya ƙera benci takwas. Fastonsu matashi ne, tsohon malamin firamare, mai taushin murya, wanda ba abin da yake so a duniya kamar a ce kowa yana son kowa.

Fasto ya lura mutanensa suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa, amma ba wanda ya san ƙofar ɗakin wani. Sai ya fito da wani tsari na ranar Laraba da ƙarfe huɗu, ya sa masa suna Tuna da Ɗan'uwa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba mai roƙa wa kansa kome. Za a bi layi, kowa ya miƙe ya ambaci damuwar wani, a taya shi da amin. Nufinsa su koyi duban na kusa da su. Watan farko abin ya yi kyau, ba ƙarya. An roƙa wa mai neman aiki, an roƙa wa mai tsohon ciki, an roƙa wa wanda ruwan sama ya kayar masa da katanga, har aka tashi aka je aka taya shi gini.

Amma damuwar da ke fili ba ta da yawa, nan da nan ta ƙare. Ga shi kuma abin kunya ne layi ya zo kanka ka ce ba ka tuna da kowa ba. Sai aka shiga tono.

"Ya Ubangiji, ka tuna da 'yar'uwarmu matar Tela, wadda yau kwana huɗu mijinta bai kwana gida ba. An gan shi a bayan tasha, ba sai na faɗi da wa ba, kai ka sani."

"Amin!"

"Ka tuna da ɗan'uwanmu Kafinta, da 'yarsa ta dawo daga makaranta riga ta matse ta."

"Amin, Uba!"

Kafin wata huɗu, taron Laraba ya fi na Lahadi cika. Mutumin da ba ya zuwa sujada sai an roƙe shi, ranar Laraba tun uku da rabi ya kama wuri a gaba. Wasu jin labari ke kawo su, wasu kuma tsoro, don an gane wanda bai zo ba shi ake fi tunawa da shi. Gwanar fagen ita ce Mama Kemis, matar mai shagon magani, mace mai jiki da farin tabarau, wadda ta iya zubar da hawaye da ido ɗaya tana duba jama'a da ɗayan.

Gwaggo Bula a bencin baya take zama, kuma ba ta rufe ido. Fuskoki take kallo. Tana ganin yadda leɓuna ke motsi, yadda wuya ke miƙewa, yadda ake cewa amin ana haɗiyar miyau kamar an ga nama a wuta. Ita da ta wanke kayan gudawa, ta wanke kayan haihuwa, ta wanke zanin da gawa ta kwana biyu a kai, zuciyarta ba ta taɓa tashi ba sai a wannan ɗakin. In layi ya zo kanta takan ce, "A wuce." Fasto ya taɓa yi mata magana a kan haka, ta ce masa ita a bakin baho take tuna da nata mutanen, kuma ba ta ga sun yi ƙorafi ba.

Abin da ke kawo ta duk da haka shi ne waƙa, waƙar kuwa Baba Direba ne. Shekara arba'in ya yi yana jan tirela, a can ya koyi ɗaga murya sama da ƙarar inji. Majami'ar ba ta da molo ba ta da fiyano, ganga ɗaya ce, saboda haka shi ke ɗaga kowace waƙa, kowa ya bi. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya yana wani gari mai nisa, waya kawai ke haɗa su. Daga ɗakin hayarsa sai siton simintin nan, daga siton sai ɗakin. Ba shi da wuri na uku.

Sai aka yi masa aikin mafitsara. Ya tashi, ya dawo, amma fitsari ya daina riƙuwa.

Ranar da ya fara kawo mata kaya bayan an sallame shi, ƙunshin a ɗaure yake tamau cikin leda biyu. Ya ajiye shi nesa da na mutane, ya tsaya yana duban igiyar shanya.

"Gwaggo, wannan, ki wanke shi daban."

Tun ba ta kwance ba ta ji zarni.

"Kai za ka koya mini wanki? Na taɓa hawa tirelarka na nuna maka inda ake sa giya? Tafi ka ba ni wuri, tsohon banza."

Da ya zo karɓa, a tsakanin wandunansa akwai tsumman tawul guda shida, an ninka an ɗinke gefe, kowanne da igiyar ɗaurawa a ƙugu. Ba ta yi bayani ba, bai tambaya ba. Ta iya ɗinkinsu ne domin ita ma tun haihuwarta ta biyu, in ta yi tari ko ta ɗaga bokiti sai ta jiƙe. Shekara talatin tana sa irinsu, ko 'ya'yanta ba su sani ba.

Haka ya ci gaba da zuwa sujada. Baƙin wando, ƙarshen benci kusa da ƙofa, tsakiyar wa'azi ya fita sau ɗaya ya dawo. Wata biyar ba wanda ya san kome.

Wata Laraba layi ya zo kan Mama Kemis. Ta miƙe a hankali, ta cire tabarau, ta ɗaga hannu ɗaya sama. Baba Direba yana ƙarshen bencinsa, hularsa a kan gwiwa.

"Ya Uba mai jinƙai, ga bawanka Baba Direba, wanda yake yi maka waƙa da dukan ƙarfinsa. Kai ka san abin da yake ɓoyewa. Ka san tun da aka yi masa aiki fitsari ba ya tsaya masa. Ka san dattijo ne, amma ga shi da kunzugu kamar jinjiri. Ka san ƙurajen da suka feso masa a cinya, Uba, har matse-matsi." Muryarta ta karye, ta ja majina. "Ka toshe wannan famfo, ya Ubangiji! Ka busar da bawanka!"

"Amin!" Har ƙura ta zubo daga rufi.

Gwaggo Bula ta ga idanu suna buɗewa kaɗan kaɗan, suna gangarawa kan wandonsa. Ta ga hanci yana motsi. Na kusa da shi ya janye ƙafa. Wata da ke bayansa ta sunkuya ta ɗauke jakarta daga ƙasa ta ɗora a cinya. Shi kuwa bai motsa ba, sai jijiyar wuyansa da ke bugawa. Zagi ya taho mata har maƙogwaro, amma ta haɗiye shi, don ta san in ta buɗe baki duk wanda bai juyo ya kalle shi ba zai juyo.

Da aka gama, Fasto ya ce kamar kullum, "Baba, ɗaga mana waƙa." Ya ɗaga, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Bayan nan aka yi masa layi a bakin ƙofa. "Sannu Baba, ashe haka kake fama." "Ka gwada rage shan ruwa da yamma." "Kakana ma haka ya yi kafin ya rasu." Kowa ya riƙe masa hannu ya daɗe, wasu suna sakinsa suna goge nasu a jikin riga.

Ran Lahadi aka ƙarasa abin da aka fara. Matan ikkilisiya suka haɗu suka sayo farar kujerar roba, suka shimfiɗa mata leda, suka ajiye ta ita kaɗai a gindin taga inda iska ke shiga. Ƙarshen bencin da Baba Direba yake zama an wanke shi da maganin wanke banɗaki, warinsa ya cika ɗakin. Ana shirin farawa ya iso da baƙin wandonsa da littafin waƙa a hammata. Mama Kemis ta ɗaga masa hannu da murmushi har kunne.

"Baba, ga wurinka can, mun shirya maka. Ka sake, kada ka ji kome."

Ya dubi kujerar. Ya dubi ledar. Ya juya ya fita.

Ranar kowa ya kama waƙa ta inda ya ga dama, mata a sama, maza a ƙasa, mai ganga yana binsu a baya. Lahadi uku suka wuce bai zo ba. Kayan wanki ma ya daina kawowa.

Gwaggo Bula ta ɗaure gwiwarta da tsumma ta tafi gidan da yake haya. Gida ne mai ɗakuna goma, famfo ɗaya a tsakiya, mata suna wanke-wanke a gindinsa. Ɗakinsa na ƙarshe ne. Ta tura ƙofa, wari ya daki idonta har ya kawo ruwa. Ya rufe taga ya cusa takarda a ramukanta don kada maƙwabta su ji. Ya ɗaura igiya daga ƙusa zuwa ƙusa ya shanya wanduna a ciki, wankin namiji, an tsoma an matse. Yana zaune a bakin gado da singileti, ƙarƙashin hotonsa na ƙuruciya a jikin tirela. Ya rame.

"Wa ya mutu a ɗakin nan?" in ji ta.

"Fita, Gwaggo."

"In fita in bar ka ka ruɓe? Buɗe tagar nan, ko jaki ba zai yini a nan ba."

"Ke kaɗai kika sani." Bai ɗago ba. "Ke kaɗai na kai wa kayana."

Ta tsaya cak. An sha kiranta masifaffiya, an sha kiranta marar kunya, ba ta taɓa damuwa ba. Wannan ta shige ta.

"Ni? Ni da ke zaginka a gabanka, me zai kai ni bayanka? Ka ji abin da ta ce? Ƙuraje a cinya. Na taɓa ganin cinyarka, tsohon kawai? A jikin wando ake ganin ƙurji? Wa ka gaya wa zancen cinya?"

Ya ɗago kai a hankali.

"Mai kemis," ya ce. "Man shafawa na je nema. A kunne na faɗa masa."

"Labulen da ke bayansa fa? Wa ke yini a ciki tana yankan farce?"

Ya rufe fuska da tafin hannu. Ta bar shi, ta shiga zare takardun taga tana wurgarwa.

"Gwaggo, na yi shekara arba'in a kan hanya," ya ce daga baya. "An tare ni da bindiga. Na kwana a daji mota a kife, ƙafata a ƙarƙashin sitiyari. Ban taɓa jin abin da na ji ran Larabar nan ba. Da zagina aka yi, da na rama. Wa ke rama addu'a? Ni ma sai da na ce amin."

"Sai ka zauna a ɗaki har a zo ɗaukar gawa?"

"Ba ni da wani wuri sai can, na sani. Can kaɗai nake jin muryata. Amma ba zan koma in zauna a kan leda ba."

Ba ta lallashe shi ba, ba ta iya ba. Ta sauke wandunan daga igiya ta ƙulle, ta ce masa wankinsa ko kare ba zai sa ba, ta fita da su a ka.

Ran Talata ta sami Fasto yana share ƙurar siminti. Ya saurare ta da hannu biyu a ƙirji.

"Gwaggo, nufinsu mai kyau ne. Ƙauna ce ta yi yawa. Kuma ki kwantar da hankalinki, ba mu manta da shi ba. Gobe bayan addu'a dukanmu za mu tafi gidansa da ganga, mu yi waƙa a ƙofar ɗakinsa, mu roƙa masa warkarwa da babbar murya."

Ta tuna da ɗakuna goman nan, da matan gindin famfo, da takardun da ya cusa a taga.

"Fasto, kan nan naka, da shi aka haife ka ko aro ka yi?"

Ya yi murmushin haƙuri, ya ce in tana da magana ta kawo ta gaban 'yan'uwa.

Ran Laraba ɗakin ya cika maƙil, an jingine ganga a bakin ƙofa. Gwaggo Bula ta shigo da zanin aikinta, ba ta tsaya a bencin baya ba, ta tafi kai tsaye ta zauna a kan farar kujera. Ledar ta yi ƙara.

"Gwaggo," in ji Mama Kemis a hankali, "ta Baba ce."

"Ba ta masu yoyo ba ce? To nawa ya girmi nasa da shekara talatin. Bencin nan takwas ba wanda ban zauna a kai ba. Inda kike zaunen nan ma, ran Lahadi ni ce a wurin, kuma na yi tari."

Mama Kemis ta ɗan ɗaga ɗuwawu ta duba, sannan ta ga ana kallonta, ta koma ta zauna.

Aka fara bin layi, amma ba armashi, kowa yana satar kallon gindin taga. Da aka zo kanta, Fasto har ya nuna na gaba, sai ya ga ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Gida goma sha ɗaya nake yi wa wanki a ɗakin nan," ta ce. "Wata tara ina cewa a wuce. Yau na tuna da 'yan'uwa, dukansu, gida gida. Ku rufe ido."

Ba wanda ya rufe.

"Ya Ubangiji, mu fara da 'yar'uwarmu Mama Kemis. Kai ka san zanin gadonta. Ka san abin da nake gani a kansa duk mako."

Ta yi shiru. Ana jin ƙarar babur a titi. Mai kemis ya kafa wa takalminsa ido. Tela ya shiga tari. Wata mata ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, tana lissafin lokacin da layi zai iso gidanta. Mama Kemis kuwa gumi ya tsattsafo mata a kan hanci.

"Ba amin?" in ji Gwaggo Bula. "Ina masu amin ɗin nan?" Ta bari shirun ya ƙara tsawo. "Zanin fari ne, yana son bula. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, yau da gobe da ranar da zan mutu. Amma kun ji yadda cikinku ya ɗuri ruwa? Minti ɗaya ke nan. Shi mako uku yake a haka."

"Ni don Allah na yi," in ji Mama Kemis, wannan karon da ido biyu take kuka.

"Allah kurma ne? Sai kin tara mutum arba'in zai ji? Kai ka san, ka san, ka san. Sau huɗu kika faɗa masa ya sani. To tun da ya sani, wa kike gaya wa?" Ta juya ga sauran. "Ku kuma da kuka zo da ganga, duk wanda ya doshi ƙofar tsohon nan yau, ni da shi ne. Tir da ku. Kun mai da addu'a kwandon shara, kuna tonawa kuna lasar yatsa."

Ba a je gidan Baba Direba ba. Mai ganga ya mai da gangarsa lungu. Fasto, wanda fuskarsa ta nuna sai yanzu ya gane abin da ya shuka, ya ce daga yau ba mai ambatar damuwar wani sai mai ita ya yarda. Cikin wata guda taron Laraba ya koma mutum bakwai. Gwaggo Bula ba ta ɗauki wannan tuba ba. Ta san bahonta suke tsoro, ba Allah ba, kuma hakan ma ƙyama ya ba ta. Gida biyu suka daina ba ta wanki. Kujerar kuwa a ranar ta ɗora ta a ka ta tafi da ita, ta ce tana da amfani wajen guga.

Ran Jumma'ar makon da abin ya faru ta kai wa Baba Direba kayansa a goge, ta ba shi labari a tsaye, ba ƙari ba ragi. Da ta zo wurin da Mama Kemis ta ɗaga ɗuwawu ta duba benci, ya yi dariya har sai da ya tashi ya shiga bayan labule ya sake tsumma.

"Kin tona kanki saboda ni," ya ce da ya fito.

"Saboda waƙa. Kunnena ya gaji da kukan awaki. Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

Ya daɗe yana juya hularsa.

"Sau ɗaya. Amma wallahi in mutum ɗaya ya ce mini sannu, na tafi ke nan har abada."

Ya zo ran Lahadin, ya kuma ci gaba da zuwa har damina biyu, har ciwon ya kwantar da shi ya tafi da shi. A ƙarshen bencinsa ya zauna. Sai da ya yi wata guda kafin ya sake ɗaga waƙa, kuma bai ƙara taka taron Laraba ba. Ita ma Gwaggo Bula ba ta daɗe a bayansa ba.

Amma wannan Lahadin ta farko ba da kanta ta zo daidai ba. Gwaggo Bula ta san mutanenta. Ta san in aka bar su za su miƙe tsaye su tafa, wani ya ba da shaida, wata ta rungume shi tana kuka, su kashe shi da ƙauna a karo na uku. Saboda haka ran Asabar ta bar jiƙo a baho, ta ɗaure gwiwa, ta bi unguwar ƙofa ƙofa tun daga gidan Fasto, tana faɗin magana ɗaya. Rana ta kusa faɗuwa ta isa shagon magani. Ta zagaya bayan kanta ta ɗaga labulen. Mama Kemis ta miƙe da sauri har abin yankan farcenta ya faɗi.

"Zauna, ba faɗa na zo ba, roƙo na zo," in ji Gwaggo Bula. "Gobe zai zo. Kada ki miƙe. Kada a tafa, kada a ce a gode wa Allah ɗan'uwa ya dawo. Kada ki ba shi haƙuri, haƙurin ma wani tonon ne. Murmushin nan naki ki bar shi a gida. Wanda ya saba zama kusa da shi ya zauna, kada ya matsa, kada kuma ya manne masa. Ku ce masa ina kwana yadda kuke ce wa kowa, ku buɗe littafin waƙa, ku dubi gabanku. In ya fita tsakiyar wa'azi, kada wuyan kowa ya juya. In addu'a ta ci ki, ki yi ta a zuci, bakinki a rufe. Don Allah, 'yar nan, ku taimake ni da wannan."